Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Gwamnan Jihar Bauchi kan dabbobin Yankari

Mai girma Gwamna, ranka ya daɗe. Bayan gaisuwa, kai tsaye zan tafi kan abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Ba sai an yi maka bayanin Yankari ba. Kai ɗan Duguri ne, dajin nan a bayan gidanku yake. Ka san tun 1956 aka killace shi, ka san a 1991 Tarayya ta karɓe shi, kuma a 2006 Bauchi ta nace sai da aka dawo mata da kayanta, da hujjar cewa mu ne za mu fi iya riƙonsa. To, ga shi a hannunmu. Ina riƙon?

Kukana kan doka ne. Mai gadin daji zai kwana uku a ƙafa cikin sauro da ƙudan tsando, ya kwance tarkunan waya, ya yi arangama da maharbi mai bindiga, ya kamo shi da kyafaffen naman gwanki ko ɓauna a buhu. Sai a kai kotu, a ci shi tarar da cinya ɗaya za ta biya. Kafin mai gadin ya wanke kayansa, maharbin ya koma daji, yanzu kuma ya san fuskar wanda ya kama shi. Dillalin da ya ba da kuɗin albarushi kuwa yana gari a zaune, ko sunansa ba a ambata. Wannan ba hukunci ba ne, kuɗin shiga daji ne, kamar wanda 'yan yawon buɗe ido ke biya a ƙofa kafin su je wanka a Wikki.

Giwayen da suka rage a Yankari ba su wuce ɗari da 'yan kai ba, kuma suna cikin garkuna na ƙarshe a duk Najeriya. Raƙumin dawa ya daɗe da ɓacewa. Zaki sai dai a ji labari. Amma lambar motocinmu har yau kirarin yawon buɗe ido take yi wa jihar. Idan dabbobin suka ƙare, me za a zo gani, gwaggon birin da ke fizge wa baƙi leda?

Nijar ba ta fi mu kuɗi ba. A 1996 raƙuman dawan yankin Kure da ke can 49 suka rage, aka tsaya musu da gaske, suka haura 600.

Ranka ya daɗe, roƙonka nake. Ka aika wa majalisar dokoki ƙudurin da zai sa kashe giwa ko zaki ya zama ɗauri, ba zaɓin tara, ya kuma haɗa da mai saye da mai ɗaukar nauyin farautar. A sa diyyar manoma a ciki. Na taɓa tsayawa da kawuna a gonarsa da giwaye suka kwana a ciki, dawar da ta kusa yanka ta zama tabarma, ga sawu kamar gindin turmi. Bai ce uffan ba. Mutumin da aka bari haka, ranar da ya ga maharbi ba zai kai rahoto ba, ruwa ma zai ba shi.

Akwai batun shanun da ake kutsawa da su har bakin kogin Gaji, da na iyalan masu gadin da suka rasu a bakin aiki. Waɗannan sai wani jiƙon. A fara da dokar.

Naka,
Wani ɗan Alkaleri