Sanarwa: Muna neman masu koyon gyaran injin yankan ciyawa

Assalamu alaikum ƴan uwa. Damina ta kankama, injunan yankan ciyawa sun taru a shago, hannu ya yi mana kaɗan. Za mu ɗauki yara biyu masu koyo.

Yawanci matsalar ba babba ba ce: fetur ne ya kwana a tanki tun rani ya toshe kafireta, ko fulogi ya yi baƙi. Na ratayawa a kafaɗa kuwa, wanda ake gauraya wa fetur da man inji, in aka zuba masa zallan fetur fistin ne ke kamewa. Duk wannan yaro zai koya da hannunsa, har wasa wuƙar injin. Ni ma da wankin kafireta na fara.

Mai ɗa ko ƙane natsattse ya yi mini magana ta gefe, a zo da mahaifinsa don Allah.