Wasiƙa zuwa ga aminina a Jidda

Assalamu alaikum mutumina,

Ya Jidda, ya zafi, ya aiki? Ina fata kana lafiya kai da iyali. Hajiya tana gaishe ka, kullum sai ta tambaye ni yaushe za ka leƙo gida.

Ka ce in ba ka labarin sitidiyon da na ce zan buɗe. To har yanzu dai maganar tana nan a baki, kuma abin da ya tsayar da ita ya tsaya min a rai wallahi. Na je wani banki neman rance in sayi piyano da mikisa da kwamfuta don in huta da biyan kuɗin sitidiyo a Zoo Road, sai ma'aikacin ya ce in kawo takardar albashi, na ce masa ni mawaƙi ne, wa zai ba ni albashi? Ya ce to in kawo sitatimen na wata shida. Na kawo, ya ɗauki biro yana bi layi layi, ya tsaya kan wata dubu 400 ya ce wannan fa daga ina, na ce kuɗin biki ne, ya ce ai sunan mai POS ne a jiki, ina shaidar cewa waƙa ce ta kawo su? Na rasa ta cewa.

Kai ka san yadda harkarmu take. Ana tashi daga biki yarona ya tattara liƙi a leda, 'yan ɗari biyu da ɗari biyar duk an tattake su, mu zauna a mota mu ƙirga, a nan take in sallami mai kiɗa da 'yan amshi da direba, abin da ya rage da safe in kai wa mai POS na bakin layinmu ya tura min. Shekara nawa ina ciyar da gida da biyan kuɗin makarantar yara da wannan sana'ar amma a takarda kamar ban taɓa samun sisi ba. Ga shi samun namu na lokaci ne, da azumi shiru kake ji, bayan sallah kuma har ka rasa bikin da za ka je.

Ban ga laifin ma'aikacin bankin ba fa, shi abin da ke rubuce yake gani, mu ne muka saba da yarda ta baki. Shi ya sa na gyara zama. Na yi rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, na karɓi lambar TIN ta masu biyan haraji, na buɗe asusu daban da sunan sana'ar wanda ko kuɗin cefane ba na cira kai tsaye daga ciki. Na buga rasit, duk mai biki sai mun rubuta rana da wuri da farashi ya sa hannu, kafin alƙalami kuma ta tiransifa, in roƙe shi ya rubuta kuɗin waƙa a wajen bayani. Wani Alhaji har ya ji haushi wai ban yarda da shi ba, sai da na zauna na yi masa bayani. Kuɗin YouTube ma da nake rainawa saboda sai sun kai dala 100 ake biya, ashe su ne shaidar da ta fi tsafta, duk na buga takardunsu na adana.

Yanzu ga alfarmar da nake nema. Waƙar da na yi ta bikin ƙaninka, kai ka turo kuɗin daga can, don Allah ka rubuto min 'yar takarda da kwanan wata da adadin da abin da aka biya dominsa, ka sa hannu ka ɗauko hoto ta WhatsApp. Ina so in koma bankin bayan babbar sallah in Allah ya kai mu.

A gaida madam da yara.

Naka har kullum,
abokinka na Kano