Wasiƙa kan bututun ruwan gidanka

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyalinka. Mu nan Kano lafiya lau, sai zafi. Mahaifiyarka ta gaya mini bangon banɗakinku ya jiƙe har fenti yana ɓarewa, kuma mai gyaran famfo ya ba ka zaɓi: ko jan ƙarfe ko roba. Ta ce ranka ya fi karkata ga jan ƙarfe don ka ji an ce shi ne na manyan gidaje. Shi ya sa na zauna na rubuto maka, don a waya ba ka barin mutum ya kai ƙarshen magana.

Ban ƙi jan ƙarfe ba. Na yi aiki da shi shekaru, na san darajarsa: yana jure ruwan zafi, rana ba ta cinsa, ɓera ba ya iya masa. Amma duba ruwan da kake sha. Gidanka ruwan burtsatse ne, kuma ruwan ƙasa idan yana da tsami, a hankali yake cin jan ƙarfe daga ciki har ya huda shi ƙanana kamar bakin allura. Alamarsa ita ce wani shuɗi-shuɗi ko kore da ke fitowa a bakin famfo da kwanon wanke hannu. Ga tsada. Ga kuma abin da kowa ya sani: jan ƙarfen da ke waje a bayan gida kira ne ga masu sayar wa 'yan jari bola. Sannan haɗa shi sai da wuta da gwanin hannu, masu wannan hannun kuwa sun yi ƙaranci yanzu.

Akwai wani abu da nake so ka riƙe. Tsofaffin bututun gidan naka na farin ƙarfe ne, su ne suka yi tsatsa suka toshe. Idan aka yanke rabi aka ɗaura jan ƙarfe kai tsaye a kan ragowar, wurin haɗin ne zai fara ruɓewa, domin ƙarafan biyu ba sa jituwa idan ruwa na tsakaninsu. Na ga an yi haka, aka dawo ana fasa tayil ɗin da ko gama biyan kuɗinsa ba a yi ba.

Ni dai shawarata roba. Sai dai roba suna ce ta tara. PVC, wanda ake haɗawa da gam, na ruwan sanyi ne da magudanar ƙazanta. Da zafi ya kai wajen digiri 60 sai ya fara laushi, don haka kada ya kusanci hita. Na cikin bango ka sayi PPR, koren nan da ake narka bakinsa da na'ura a kan zafi kusan digiri 260, a cusa shi cikin gwiwa su zama abu guda. Ka karanta rubutun jikinsa da idonka. Na layin ruwan zafi ya zama PN20, wato mai kauri, kada a sa maka PN10, marar kauri, a ce ai duk ɗaya ne. Idan da hali ka je kasuwa tare da mai aikin. Ko nan Ƙofar Ruwa, mai kauri da marar kauri a jere suke, launinsu ɗaya. Har bututun wayar lantarki na taɓa tararwa an binne wa wani a matsayin na ruwa, Allah ya kyauta.

Wanda zai sauko daga tanki kuwa, a rufe shi ko a shafa masa fenti, don ranarmu tana busar da roba har ta riƙa karyewa kamar kara. A bakin hita a bar ɗan guntun ƙarfe kafin robar ta fara. A nan kam jan ƙarfenka ya sami wurin zama. Ka kuma sa mai lantarki ya duba, domin a wasu tsofaffin gidaje a jikin bututun ƙarfe ake ɗaure wayar da ke kai wuta ƙasa. In an cire shi ba a yi mata wani wuri ba, akwai haɗari.

Kada ka yarda a shafe bango da siminti ranar da aka gama. A cika tanki, a rufe famfuna duka, ruwa ya kwana a ciki, da safe ka bi kowane haɗi da busasshen tsumma. Na san mai gyaran famfon zai ce yana sauri, yana da wani aikin. Ka riƙe cikon kuɗinsa sai an yi wannan. Kafin a rufe kuma ka ɗauki hoton bangon da wayarka, saboda ranar da za ka buga ƙusa.

Ka gai da mai ɗakinka, ka ce wa amaryata ina nan ina jiran goron sallata. Idan mai gyaran famfon ya kawo lissafin kayan, ka turo mini in duba kafin ka biya.

Mahaifinka.