Wasiƙa Zuwa Ga Uwata a Zurik

Assalamu alaikum, Uwata.

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya. Ƙaninki ya nuna mana hoton da kika turo daga ɗakin gwajinku. Kowa na ta sam barka, ni kuwa abu ɗaya na gani: kin sunkuya a kan teburin madubai, tabaran kariya na rataye a wuyanki, ga awarwaron Hajiya a hannunki.

Kada ki ce tsoho bai san aikin ba. Tun ba a haife ki ba nake koyar da fiziks, kuma bayanin da kika yi mini da sallah yana nan a kaina. Kuna sanyaya ƙwayoyin zarra na ƙarfen rubidiyam har zafinsu ya gaza kashi ɗaya cikin miliyan na digiri sama da ƙarshen sanyi, su zama irin gajimaren ƙwayoyin da masana Cornell da Wieman suka fara samarwa a Amurka a 1995. Sai ku ajiye shi tsakanin madubai biyu masu kallon juna, tazararsu ko milimita ba ta kai ba, haske ya yi ta kai da komowa sau dubbai. Ɗan abin da ya tsiyayo ta bayan madubin shi ke gaya muku halin da ƙwayoyin ke ciki, ba sai kun tarwatsa gajimaren wajen ɗaukar hotonsa ba. Na kuma san a garin nan naku, a 2010, mutanen Farfesa Esslinger suka ga ƙwayoyin sun jera kansu kamar ramukan dara da zarar ƙarfin lesa, wato siririn hasken nan mai ƙarfi da kuke haska musu, ya wuce wani mizani. Wallahi abin ya burge ni.

To amma lesar fa? Da nanomita ake auna tsawon zangon haske, idon ɗan Adam kuwa daga wajen 400 zuwa 700 yake gani. Ke da bakinki kika ce akwai mai 1064 a teburinku. Wannan ba a ganinta, ido ba zai ƙifta ya kare kansa ba, ƙwayar idon ce ma za ta tattara hasken ta ɗora shi a tantanin da ke can ciki. Inda ya ƙone kuwa ba ya tofowa. Awarwaro ko zobe ya isa ya karkato shi zuwa fuskarki. Kin fi ni sanin wannan, shi ya sa raina ya ɓaci. Ke da kika yi wa Baffa jagora zuwa masallaci da ƙuruciyarki, ke ce za ki yi wasa da ido?

Ranar da aka taru a zauren Kawu a kan tafiyarki, ni kaɗai na tsaya. An ce na sangarta ki, an ce abin da ya fi haka, na haɗiye. Ban yi nadama ba, kuma ba gori nake miki ba. Amma ban aika ki ki dawo mini da digiri a hannu ɗaya, sanda a ɗayan ba.

Wataƙila a kashe lesar take lokacin da aka ɗauki hoton, mahaifiyarki ma haka ta ce. In haka ne ki yi haƙuri da faɗan tsoho. Duk da haka ki riƙa cire awarwaron kafin ki shiga, ki cusa bakin mayafinki cikin riga, kada ki sauke kanki daidai tsayin teburin, ki kuma duba lambar da ke jikin tabaran, don kowace lesa da nata.

Mahaifiyarki na tambaya ko kilishin ya iso. Ki kira ta ranar Juma'a. Allah Ya yi miki albarka.

Babanki.