Zuwa ga 'yata, a kan tuffar bayan gidanku

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mamana,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da ɗan angona. Mu nan duk lafiya lau, sai godiyar Allah. Ruwa ya fara ja da baya, sabon gero ya shigo kasuwa, ƙafar Abbanku ma ta yi sauƙi har yana takawa masallaci da kansa.

Abin da ya sa na zauna rubuta miki wannan takarda shi ne maganar da kika yi mini ranar Juma'a a waya. Ke kin faɗe ta ne a gurguje muna cikin wata hira, ni kuwa da ita na kwana. Kika ce bishiyar bayan gidan da kuka kama a Ingila ta ishe ki da zubar da 'ya'ya, wata irin tuffa ce manya-manya, koriya, mai tsami kamar tsamiya, ba ta ciwuwa, kullum da safe sai kin share kin zuba a shara. Na so in yi magana a lokacin, sai yaron ya fara kuka kika ajiye.

Mamana, kin manta yadda tuffa take a nan ne? A kwali ake sauke ta a 'Yan Lemo, yawanci daga Afirka ta Kudu, bayan ta sha tafiyar jirgin ruwa da ta mota. Ba kowace rana ake sayenta ba, sai za a je dubiya asibiti ko an yi babban baƙo. Kina ƙarama, idan Abbanku ya shigo da guda biyu a leda, gida huɗu nake raba kowace ɗaya, ku tsaya kuna auna yankan wa ya fi girma. Yau ga shi Allah ya ajiye miki bishiya guda a bayan ɗaki, ba ki shuka ba, ba ki yi ban-ruwa ba. Ki tuna abin da Suratul Isra'i ta faɗa a kan masu almubazzaranci.

Ba faɗa nake miki ba, don ni ma na yi irin wannan. Shekarar farko da muka zauna a Notingham lokacin karatun Abbanku, akwai irin wannan bishiyar a gidan da ke jikin namu, rassanta sun ƙetaro katanga. Na ɗauki ɗaya na gatsa, tsami ya kama mini haƙori, daga ranar na ɗauke ta abin shara. Wata safiya tsohuwar da ke gidan ta leƙo ta same ni da tsintsiya. Ba ta ce mini komai ba sai da yamma, ta ƙwanƙwasa ƙofa riƙe da kwano da zafinsa, an rufe da tawul. Ƙamshin kirfa ya riga ta shiga falon. Da na ɗanɗana na tambaye ta mene ne wannan, sai ta nuna mini bishiyar ta taga.

A wurinta na san cewa Turawan Ingila sun raba tuffa gida biyu, akwai ta ci ɗanya, akwai ta dafuwa. Yadda kika kwatanta taki, babba, mai ɗan faɗi kamar an danna ta daga sama, fatarta kore mai ɗan maiƙo a hannu, ina kyautata zaton ita ce wadda suke kira Bramley, uwar tuffar dafuwa a ƙasar. Asalinta ma kusa da inda muka zauna ne, wani ƙaramin gari da ake kira Southwell. Wata yarinya mai suna Mary Ann Brailsford ce ta shuka ƙwallayen a lambun gidansu a 1809. Daga baya wani mahauci, Matthew Bramley, ya sayi gidan, kuma a 1856 da wani matashi mai renon itatuwa, Henry Merryweather, ya nemi izinin yankar rassa, sai mahaucin ya ce ya yarda amma a sa wa tuffar sunansa. Yarinyar da ta shuka ba ita aka san tuffar da sunanta ba, abin ya daɗe yana taɓa mini zuciya. Kuma duk wata Bramley da ke duniya reshe ce daga wannan bishiya guda, domin tuffa ba ta gadon uwarta ta ƙwallo. In kika shuka ƙwallon mai zaƙi, abin da zai fito daban ne. Sai dai a yi mata aure, kamar yadda ake yi wa mangwaro a lambunan nan namu, a yanko reshen da ake so a ɗaura a kan wata saiwa. Saboda haka bishiyarki ba tsirowa ta yi da kanta ba. Wani ne ya sayo ta ya dasa da niyya, don iyalinsa su ci.

To ga abin da za ki yi. Da farko maigidanki ya sanar da mai gidan, ko da saƙon waya ne, cewa za ku riƙa amfani da 'ya'yan itacen. Ba na jin zai hana, amma abin da aka ci da izini ya fi kwanciya a rai. Sannan ki ware waɗanda suka faɗo da waɗanda ke sama. Na ƙasa sun bugu, ba sa ajiyuwa, su za ki fara dafawa cikin kwana biyu ko uku. Ki juya kowace da ƙafa ko sanda kafin ki sa hannu, don rina na shiga cikin waɗanda suka fashe. Inda ya bugu ko tsutsa ta shiga ki yanke ki yar, sauran lafiyarsa ƙalau. Wadda ta ruɓe ta yi funfuna kuwa, wannan kam ta shara ce, kada ki yi mata dabara. Na sama kuma ba a fizgo su. Ki tallafe ta a tafin hannu, ki ɗan ɗaga ki murɗa. In ta biyo ki da sandarta cikin sauƙi ta nuna, in ta ƙi ki bar ta zuwa wani makon. Waɗannan ki naɗe kowace a takardar jarida, ki jera a kwali ba tare da suna gogar juna ba, ki kai wuri mai sanyi da duhu, gareji ko ɗakin ajiya. Za su kai ki har bayan sabuwar shekara, kuma tsamin yana raguwa da zama. Duk mako ki duba, wadda ta fara lalacewa ki cire ta da wuri kafin ta shafa wa na kusa da ita.

Abu mafi sauƙi, wanda nake so ki gwada yau ɗin nan, shi ne dafa ta zalla. Ki fere guda huɗu, ki cire tsakiyar da ƙwallayen, ki yayyanka. Ki ajiye kwanon ruwa a gefe da kika matse lemon tsami a ciki, kina yankawa kina jefawa, don da zarar iska ta taɓa naman tuffa sai ya fara yin ja kamar gatsen goro. Ki tsame ki zuba a tukunya da ruwa cokali biyu kacal. Na san hannunki zai so ƙara ruwa kamar mai dafa kabewa, ki hana shi, tuffa tana da ruwanta. Ki rufe, wuta kaɗan. Cikin minti 10 zuwa 15 za ki buɗe ki ga abin mamaki: ta narke ta kumbura ta yi laushi kamar auduga, ba sai kin tuƙa da ƙarfi ba. Tsamin nan da kika raina shi ne ke sa ta faɗuwa haka, kuma shi ke riƙe ɗanɗanonta bayan an sa sukari, ta ci ɗanya kuwa in ta dahu sai ta yi lami. Sukari a ƙarshe ake sawa, kina ɗanɗanawa, da ɗan garin kirfa ko kanumfari biyu. Ana ci da kunun alkama ko na oat da safe, ana shafawa a burodi, ana zubawa a kindirmo. Ki ɗebi na angona kafin ki sa sukari, tunda ya wuce wata shida. Amma kada ki sa masa zuma sai ya cika shekara, kuma kada ki miƙa masa gutsuren ɗanya mai tauri, yana iya shaƙe shi. Abin da ya rage ki ƙulla a ƙananan robobi ki sa a firiza, ranar da sanyi ya hana ki fita za ki gode wa kanki.

Yanzu ga abin da tsohuwar nan ta kawo mini a kwano, wanda suke kira kirambul. Ta ce mini ya yi tashe ne lokacin yaƙin duniya na biyu, sa'ad da bota da sukari suka zama sai da katin rabo na gwamnati, mata suka nemi hanyar da ba ta cin kaya da yawa. Ki yanka tuffa kamar kilo 1, yanka manya-manya, ki zuba a kwanon gashi, ki barbaɗa sukari cokali uku ko huɗu da kirfa. A wani kwanon daban ki auna fulawa giram 200, wato kusan gwangwanin madara biyu, da bota giram 100 mai sanyi daga firji, yankakke ƙanana, da ɗan gishiri. Nan ne duk sirrin yake, ki natsu. Da kan yatsu za ki riƙa murza botar cikin fulawa, kina ɗagawa kina saki, kamar yadda kike murza tsaki da mai in za ki yi dambu. Ba ruwa, ba ƙwai, ba kwaɓi. Ranar da na fara yi na murje shi da tafin hannu kamar ƙullin cincin, ya fito da tauri, sai da tsohuwar ta kama yatsuna ta nuna mini. In ya yi wara-wara kamar ɓarzajjen gero, ki zuba sukari giram 100 ki juya, ki barbaɗa a kan tuffar ba tare da kin danna ba. Oben ya riga ya yi zafi a digiri 180 na Salshiyas, minti 35 zuwa 40. Alamar ya yi ita ce saman ya yi ja kamar soyayyen ƙuli, ruwan tuffar kuma yana tafasa yana leƙowa ta gefen kwano. Ki bar shi ya huce kaɗan, tuffa mai zafi tana ƙona harshe fiye da yadda ake zato. Su da kastad suke ci. Ni da muka dawo gida na riƙa daka soyayyar gyaɗa sama-sama ina haɗawa a garin, da ɗan citta a cikin tuffar, kuma har yau Abbanku ya fi son wannan.

Kin tuna wanda nake muku da Sallah kuna yara? Shi ne. Ba mu da oben a lokacin, yashi nake zubawa a gindin babbar tukunya, in ɗora kwanon, in rufe, in zuba garwashi a kan murfin. Koren tuffar kasuwa nake saye, mai ɗan tsamin nan, wadda ake kira Granny Smith, 'yar asalin Ostareliya. Ita ba ta narkewa kamar taki, tana riƙe jikinta, shi ya sa ta fi dacewa da kek. In za ki sa taki a kek, ki yanka ƙanana ki juya su a ɗan fulawa kafin ki zuba a kwaɓin, don kada su taru a ƙasa. Ɓawon ma kada ki zubar, ki wanke ki tafasa da zoɓo kamar yadda muke yi da ɓawon abarba.

Sai abin da ya shafi addini, ki buɗe ido. In kin ga kwalba an rubuta cider a kanti, a Ingila giya ce da aka yi da tuffa, komai kyan hoton da ke jikinta. Wasu littattafan girkinsu kan ce a zuba ta ko wata barasa a tuffa, ke ki sa ruwan lemo. Khal ɗin tuffa daban ne, wannan wanda muke saye a nan ne, babu laifi. In kin matse ruwan tuffa da kanki, ki sa a firji ku shanye cikin kwana biyu ko uku, don in ya zauna a waje yakan fara kumfa ya juya. Haka kuma kwaɓaɓɓiyar fulawar da ake sayarwa ta yin fai, wato gashin da ake rufe tuffa ko nama da fulawa, ki karanta bayan leda, domin a girkinsu na gargajiya akan sa kitsen alade, wanda suke rubutawa lard. Mai bota zalla ko man tsirrai za ki ɗauka, in kuwa kin yi shakka ki kwaɓa naki.

Akwai wata magana da kika sha yi mini, cewa unguwar shiru, kowa ƙofarsa a rufe, wata takwas ba ki san sunan ta jikin gidanki ba. Na san wannan kaɗaicin, na ɗanɗana shi. Mutanen can ba sa shiga gidan mutum haka kawai kamar mu, amma suna girmama abin da aka dafa da hannu aka kawo. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa Abu Zarri idan ya dafa romo ya yawaita ruwansa ya kula da maƙwabtansa, kuma bai ce sai maƙwabci Musulmi ba. In kin gasa na biyu, wanda hannunki ya faɗa, ki rufe da tawul ki ƙwanƙwasa mata. Ki faɗa mata abin da ke ciki, musamman in kin sa gyaɗa, don a can akwai masu rashin lafiyar da gyaɗa ke tayar wa. Tsohuwar nan tawa, daga kwanon kirambul muka kai ga ina aika mata ƙosai, kuma ita ta zauna da yayanki ranar da aka kai ni asibiti haihuwarki. Abin da ya fi ƙarfinku ki cika kwali ki ajiye a bakin ƙofa da 'yar takarda cewa kyauta ne, al'adarsu ce a wannan lokaci na shekara, za ki ga masu wucewa suna ɗiba. Ki kai wani kwalin masallaci ranar Juma'a, ɗalibai marasa iyali suna nan da yawa.

Na ba ƙanin Abbanku da zai taho ƙarshen wata ƙullin kirfa da kanumfari da busasshiyar citta, da zoɓo mudu ɗaya, da yajin da kika ce. Ki ɗauko mini hoton bishiyar da na tuffa guda a tafin hannunki, ki yanka ɗaya biyu in ga cikinta, don in tabbatar ita ce. Ki gaishe da maigidanki da kyau, ki shafa mini kan angona. Abbanku da ƙannenki suna gaishe ku.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifiyarki