Rahoton Kwamitin Iyaye Kan Gyaran Ɗakin Zane da Sana'o'i na Ajin Jardan a Tahoua

Assalamu alaikum iyayen yara, maza da mata, da malaman lakwal, da dattawan unguwa. Aikin da kuka ɗora wa kwamiti ya kammala, yara sun shiga ɗakin tun komawar lakwal a watan Oktoba. Ga bayanin abin da aka yi, da inda aka yi kuskure aka gyara, da abin da ya rage.

Ɗakin da ake magana a kansa shi ne tsohon ajin da ke kusurwar gabas, mai tsawon mita 9 da faɗin mita 7. An daina karatu a cikinsa saboda yoyo, ya koma wurin tara karyayyun kujeru. Buƙatar malamai ita ce a samar wa ƴan ajin jardan, wato yara ƴan shekara 4 zuwa 6, wuri nasu, inda za su riƙa shafa launi a kan hotunan masu sana'a, su san aikin magini da na likita da na manomi tun hannunsu bai iya rubutu ba. Saboda haka duk awon da aka yi a ɗakin, da tsayin yaro aka yi shi.

Da rufi aka fara, a watan Mayu, don a riga damina. An cire kwano 14 da tsatsa ta huda, an canza katako 5 da gara ta ci, sauran kuma an shafe su da maganin gara. Yawancin yoyon ta bakin ƙusa yake shigowa, inda zafi da sanyi suka faɗaɗa ramin, don haka kowace sabuwar ƙusa an sa mata roba a ƙarƙashin kai. Daga nan aka yi rufin ciki da falanki 23. Wanda ya san Afrilu da Mayu a Adar, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ya san yaro ba zai zauna ƙarƙashin kwano tsirara ya riƙe fensir ba. An bar ramukan iska 6 tsakanin kwano da falanki, an toshe kowanne da ragar ƙarfe mai ƙananan idanu. Idan aka bar su a buɗe, jemagu ne za su tare a ciki, kuma warin kashinsu shi ne ya kori mutane daga ajujuwa da dama.

A bango ne aka sha wahala. Ƙasan bangon ya rube har kusan tsayin gwiwa, saboda ruwan da ke zuba daga kwano yana kwanciya a gindinsa, ginin ya sha, gishiri ya fito, shafe ya riƙa ɓarewa. An kankare tsohon shafe daga ƙasa zuwa tsayin mita 1 da santimita 20 a kewayen ɗakin, aka sake shi da kaurin santimita 1 da rabi. Haɗin kuwa buhu 1 na simintin Malbaza mai kilo 50 ga baro 2 da rabi na yashi tankaɗaɗɗe. Shafen farko na bangon yamma bai yi ba. An yi shi da tsakar rana cikin tsananin zafi, kuma kwana 2 kaɗai aka ba shi ruwa saboda famfo ya ɗauke. Kafin mako ya zagayo ya tsattsage kamar ƙasar tafki da rani, in ka ƙwanƙwasa shi da yatsa ka ji yana ƙara kamar ƙwarya. Laifin kwamiti ne, don mu ya kamata mu tanadi ruwa kafin magini ya kwaɓa. An farfasa shi, aka yi asarar buhu 2. A karo na biyu an cika tano 2 da ruwa tun da dare, aka jiƙa bango kafin a shafa, aka yi aikin bayan sallar asuba, sannan aka yi ta yayyafa masa ruwa safe da yamma har kwana 7. Siminti ba bushewa yake so da wuri ba, a cikin danshi yake yin ƙarfi. Duk mai shirin irin wannan aiki ya riƙe wannan.

Don kada ruɓar ta dawo, an zuba kankare mai faɗin santimita 60 a kewayen ginin ta waje, an ɗan karkata shi yadda ruwa zai gangara nesa da bango. Ya ci buhu 10. Daɓen ciki mai kaurin santimita 4 ya ci buhu 18, an goge shi sumul don yara na zama a ƙasa. Idan aka haɗa da buhu 4 na shafe, da 2 da aka yi asara, da 1 na toshe tsaga, siminti ya kama buhu 35. Lissafin kuɗi da rasit na kowane saye suna manne a ƙofar ofishin darakta, kuma za a karanta su a taron iyaye.

Fenti sai da aka jira mako 4 bayan shafe, domin sabon siminti yana cin fenti ya sa shi kumbura. An zaɓi fentin ruwa fari, wanda ke ƙara wa ɗaki haske, an kuma guje wa fentin mai da ba a san asalinsa ba, tunda wasu na ɗauke da gubar dalma, yara kuwa hannu a bango, hannu a baki. Tagogi 4 na ƙarfe da suka cije an kwance su an sa musu mai da raga.

Allon ajin manya ya fi ƙarfin waɗannan yara, sai aka yi musu nasu: an shafa baƙin fentin allo a jikin bangon arewa, daga santimita 40 zuwa 110 daga ƙasa, tsawon mita 6. Yaro goma na iya tsayawa a jere suna zane da alli. Sama da shi kaɗan, a santimita 120, an ja igiya da maƙalan shanya don rataye takardun da aka gama. Mai walda ya yi teburi 6 masu tsawon santimita 150, faɗi 80, tsayi 50, da kujeru 36 masu tsayin santimita 28. An zagaye kusurwoyin teburan, an sa roba a ƙafafu. Abin da ake dubawa shi ne tafin ƙafar yaro ya taka ƙasa, gwiwar hannunsa ta kwanta bisa tebur. In ƙafa na lilo, ba ya minti 5 sai ya tashi.

Hotunan su ne zuciyar aikin, kuma su ma sai da aka yi su sau biyu. Na farko an sauko da su daga intanet. Da aka raba, sai aka ga manomi da doguwar hula a kan wata ƙatuwar mota, da mai kai wasiƙa cikin dusar ƙanƙara. Yara suka shafa launi, amma da malama ta tambayi wane ne wannan, aji ya yi tsit. Layukan ma sirara ne, ga ƙananan abubuwa birjik da hannun ɗan shekara 4 ba zai iya bi ba. Sai aka nemi mai zanen allunan shaguna a cikin gari, aka ba shi sharuɗɗa: mutum ɗaya a takarda ɗaya, kayan aikinsa a hannu, layi mai kaurin milimita 3, babu komai a bayansa. Ya zana sana'o'i 20, yawancinsu na wannan ƙasa tamu ta Adar. Akwai manomin albasa irin na Galmi yana ban ruwa, da masunci na tafkin Tabalak da komarsa, da makiyayi da raƙuminsa, da baduku, da maƙerin azurfa, da tela, da magini, da mai kabu-kabu sanye da hular kwano. Aka ƙara waɗanda yaro ke gani jefi-jefi: ungozomar asibiti, likitan dabbobi, ɗan kwana-kwana, mai haɗa sola, ma'aikacin masana'antar siminti, da malamin jami'a, tunda Jami'ar Djibo Hamani na nan cikin garinmu.

Ranar da aka raba hoton mai albasa, wani yaro ya ɗauki shunayya ya cika albasar da ita, ya ɗaga takardar ya ce irin ta gonar kawunsa ce. Abin da kwamiti ke nema ke nan, yaro ya gane mutumin kafin ya shafa masa launi.

Iyaye mata ne suka lura cewa a zanen farko na mai zanen allunan mace ba ta fito ba sai a mai tuyar ƙosai da ungozoma. Gaskiyarsu ne. An sake zana likita, da tela, da malamin makaranta, da ɗan jarida, kowanne namiji da mace, don yarinya ta ga kanta cikin farar rigar asibiti. Wasu iyayen kuma sun nuna ba su son ƴaƴansu su riƙa aiki da hoton mutum. Kwamiti ya girmama ra'ayinsu: kowace sana'a tana da takarda ta biyu mai kayan aiki zalla, kamar keken ɗinki, da cokalin magini, da almakashi, kuma darasin bai ragu da komai ba.

Yadda malamai ke tafiyar da shi, sana'a ɗaya ce a mako. Malama ta zo da kayan aiki na gaske, misali tef ɗin awo na tela, ya zaga hannu hannu, ta tambaya wa ke aiki da wannan, a gidan wa ake da shi. Sannan a raba takarda, a yi minti 15 zuwa 20, kowa ya faɗi abin da mutumin nasa ke yi, a rataye a igiya. Ba a gyara wa yaro launin da ya zaɓa. Kunshin takarda mai 500 yana kai yara 36 kusan mako 14, don haka kunshi 3 ya isa shekara. Asalin zanen na cikin leda a ofishin darakta, kwafi kawai ake fitarwa.

Fensiran launi na kaki da aka fara saye an ajiye su a akwatin ƙarfe kusa da taga, zafi ya sa suka yi laushi suka lanƙwashe. An koma ga manyan fensira na katako, akwatin kuma an mayar da shi jikin bangon arewa, an ɗaga shi bisa bulo saboda gara. Malama kaɗai ke fiƙe fensir, ba a barin reza a hannun yara.

Abu biyu ne ba a yi ba. Babu wurin wanke hannu a bakin ƙofa, bokiti da buta ake amfani da su, kuma matakalar shiga ta yi wa ƙananan tsawo, tana son a raba ta biyu, aikin buhu 2. Za a kawo maganar a taro mai zuwa. An kuma sa mutum biyu daga kwamiti su hau su duba ƙusoshi da ragar jemagu kowane watan Mayu kafin ruwan farko. Kwamiti na godiya ga matasan da suka ɗebo yashi da matan da suka ɗauki nauyin ban ruwan shafe na kwana 7. Allah ya saka da alheri, ya raya mana yaran.