Rahoton Ayyukan Shekara Ga Mambobin Ƙungiyar Unguwarmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Mai girma Mai Unguwa, Malam Liman, iyayenmu dattawa maza da mata, matasa, da mambobinmu waɗanda neman abinci ya kai wasu garuruwa, barkanmu da ganin ƙarshen wannan shekara. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya a bana, Allah ya jiƙansu, ya kyautata namu zuwan.

Yawancin zaman kwamiti a bana kan benen bakin titi ya ƙare, don haka da shi zan fara.

Kowa ya san tsohon gidan ƙasar da magada suka sayar bara. Ba mu san abin da sabon mai shi yake nufi ba sai da tifa ta fara sauke yashi da tsakuwa. Daga nan labari ya bazu cewa bene ne hawa huɗu, shaguna a ƙasa, gidajen haya a sama, kuma wai shugaban ƙaramar hukuma ya riga ya sa hannu. Matasa har sun fara rubuta kwalaye za su tafi sakatariya. Mai Unguwa ne ya ce a dakata, a fara ganin takardar da ido. Da wakilanmu suka je, sai ga shi wasiƙa ce kawai mai cewa majalisar ƙaramar hukuma ba ta da ja a kan aikin. Ba izinin gini ba ce.

Ni kaina, da nake riƙe da biron sakatare, sai bana na gane yadda abin yake. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta sa filayen cikin birane a hannun gwamnan jiha, ikon ƙaramar hukuma a kan filayen karkara yake. A cikin birnin Kano, hukumar tsara birane ta jiha, KNUPDA, ita ke duba zanen gini ta amince ko ta ƙi, bayanan filin kuma suna wurin KANGIS, hukumar adana bayanan filaye ta jiha. Mayar da gidan zama wurin kasuwanci ma yana da nasa izinin daban. Rabon ƙaramar hukuma yana cikin jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999: kula da shaguna da gidajen abinci, sa wa tituna suna da gidaje lamba, harajin gidaje, magudanan ruwa da kwasar shara. Wato maganarta na da nauyi, musamman bayan an buɗe shagunan, amma ba ita ke cewa a ɗora hawa kaza ba. Da mun bi ta kwalaye, da ƙofar da ba ita ba muka je muna bugawa.

Kan kwamiti ya rabu, ba zan ɓoye muku ba. Wasu suka ce a tsaya kai da fata kada a yi ginin sam. Wasu, har da ni, muka ce mai fili yana da haƙƙinsa, kuma duk wanda ya bi titin Gidan Zoo ya ga yadda shaguna suka cinye fuskar gidaje ya san abin zai iso mu ko ba jima ko ba daɗe. Yaranmu ma na neman wurin sana'a kusa da gida. Aka tsaya a kan mu kai ƙorafinmu a rubuce ga hukumar tsara birane da ƙaramar hukuma, sannan mu nemi zama da mai ginin tun kafin a haƙa harsashi.

An yi zaman a zauren Mai Unguwa bayan la'asar. Injiniyan mai ginin ya shimfiɗa zanen a kan tabarma, aka danne kusurwoyinsa da wayoyi saboda fanka. Yana cikin bayanin yawan shaguna, sai dattijon da gidansa ke jingine da filin ta baya ya ɗora yatsa a kan wasu ƙananan layuka.

“Injiniya, waɗannan mene ne?”

“Tagogi ne, Baba, da barandar hawa na biyu.”

“To ina suke kallo?”

Injiniya ya yi shiru, sannan ya ce gaskiya bai taɓa shiga lungun ba. Aka tashi gaba ɗaya aka zagaya. Dattijon ya sa aka yi wa iyalinsa magana suka shiga ɗaki, ya shigar da mu tsakar gida. Ga murhu, ga igiyar shanya, ga makewayi mara rufi a kusurwa. Injiniya ya ɗaga kai ya dubi inda barandar za ta tsaya, ya ce, “Baba, ka yi haƙuri, za a sake.” A zanen da aka gyara, barandar ta koma fuskar titi, tagogin baya kuma an ɗaga su sama da tsayin mutum, da gilashin da ba a gani ta cikinsa.

Kwata ce ta fi ba mu wahala. Zanen farko ya zuba matakalar shaguna a kanta da kankare, an rufe ruf. Muka tuna wa mai ginin ambaliyar Kantin Kwari ta watan Agustan 2022, yadda ruwa ya shiga shaguna ya lalata atamfa da shadda, kuma gini a kan hanyar ruwa na cikin abin da aka ɗora wa laifin. Da farko ya ce ai nasa ginin ƙarami ne. Sai da muka nuna masa alamar ruwan bara a jikin katangar masallaci kafin ya yarda a sa silab ɗin da za a iya ɗagawa lokacin yasa. Ya kuma yarda ya ja ginin baya daga titi don motoci da 'yan Adaidaita Sahu su sami wurin tsayawa, ya matsar da sokawe da ɗakin janareta daga katangar maƙwabta. A ganina rusau ɗin watan Yunin 2023, da ya shafi gine-ginen tsohon otal ɗin Daula da shagunan Filin Idi, ya taimaka wajen sa shi sauraro. Ba mai son ya wayi gari da jan fentin alamar rusau a jikin gininsa.

Abu ɗaya ba mu samu ba. Mun nemi ya sayi taransifomarsa, tunda tamu da ƙyar take ɗaukar gidajen da ke kanta yanzu. Ya ce sai gini ya kammala a duba. Ba mu da wannan a rubuce, kuma laifinmu ne da muka tashi daga zaman ba mu matsa ba.

Izini ya fito bayan damina, hawa huɗu, kuma kwafin zanen da aka buga wa hatimi yana wurina ga duk mai son gani. An zuba kankaren rufin hawa na ƙarshe makonnin baya, sai dai rodi sun leƙo a samansa fiye da yadda muka zata. Mai ginin ya ce mazaunin tankin ruwa ne. Wataƙila haka ne. Amma ba mu manta benen da ya rufta a kasuwar waya ta titin Beirut a 2022 ana cikin aikinsa ba, don haka mun rubuta masa, mun kuma sa mutum biyu daga cikin maginan unguwa su riƙa leƙawa. Idan aka ga an fara jera bulo a can sama, hukuma za mu koma kai tsaye.

Sauran ayyuka a taƙaice. An yi gayyar yashe kwata kafin saukar damina da kuma tsakiyarta, kuma a karo na biyun mata ne suka ciyar da masu aikin daga aljihunsu, Allah ya saka. An gyara rufin ajin ƙarshe na Islamiyya. 'Yan sintiri sun sami fitilu da usur, amma muna riƙe musu alawus na wasu watanni. Katangar maƙabarta da muka yi alkawari bara har yanzu bulo ne a jibge.

Dalilin duka biyun ɗaya ne: kuɗin wata-wata ya ja baya. Mun san halin da ake ciki na tsadar rayuwa, kuma ba wanda za a kira sunansa a bainar jama'a. Amma akwai waɗanda ba rashi ya hana su ba, sun san kansu. Ma'aji zai karanto shiga da fita dalla-dalla a babban taro mai zuwa, littafin kuma a buɗe yake.

A shekara mai zuwa za mu fara da biyan 'yan sintiri, sai katangar maƙabarta. Za mu kuma zauna da ƙaramar hukuma kafin a raba shagunan, kan wurin zuba shara da irin sana'ar da za a bari a ƙarƙashin gidajen mutane, don an fara jin ƙishin-ƙishin wani na son buɗe wurin sayar da gas a ciki. Wa'adin wannan kwamiti ya cika, za a yi zaɓe a babban taro a harabar Islamiyya. Mai son tsayawa ya ba Malam Liman sunansa kafin ranar.

Wassalam.
Sakatare, a madadin kwamiti